Tsugunnon Uwaisu Mai Basilla

Duk wanda ya yi aiki a kamfanonin Challawa ta Kano a shekarun nan ya san ranar da Malam Uwaisu Mai Basilla ya gaida akuya. Wanda bai gani ba ya ji. Wanda bai ji ba kuwa, Luka zai tare shi a bakin get ya ba shi labarin, ko da sauri yake yi.

Abin daga gardama ya faro. Ɗan mai kamfani ne ya shigo zagaye da damina, takalminsa fari tas, ma'aikata suka zube ana ta "ranka ya daɗe". Uwaisu na zaune a kan buhun dusa yana zura zare a basillarsa, ƙatuwar allurar nan ta ɗinkin buhu, ko motsi bai yi ba. Da yaron ya wuce, sai Luka, mutumin Zonkwa mai riƙe da injin ɗinke bakin buhu, ya ce, "Malam, gwiwarka ce ta yi tsatsa, ko kai ka sayi kamfanin ba mu da labari?"

"Gwiwata lafiyarta ƙalau," in ji Uwaisu. "Ba ta lanƙwasa wa ɗan Adam ne kawai. Sai Allah."

"Allah kaɗai?"

"Kaɗai. Je garinmu Jahun ka tambayi kowa."

Luka ya gyaɗa kai kamar ya yarda. Can sai ya ɗaga ido ya dubi bayan Uwaisu, ya cire hularsa ta hana-salla, ya ce, "A'a, Mama! Ku ne da kanku har ciki? Sannunku da zuwa."

Bai rufe baki ba Uwaisu ya diro daga kan buhu, ya juya, ya zube cikin taɓo, kai a sunkuye, ido a ƙasa. "Barkanku da rana, Hajiya. Kun wuni lafiya? Ya gida? Ya kasuwa? Ya ƙafar taku?" Yana kan tambayar ƙafa aka amsa masa da "meee". Akuyar mai gadi ce tana lasar dusar da ta zube.

Ya miƙe da taɓo har kwankwaso, ya ce shi dama zarensa ne ya faɗi yake nema. Har mai gadi sai da ya zauna don dariya.

Hajiyar da ake magana ita ce Mairama Mai Dambu, surukarsa, uwar matarsa Badi'a. Tun kafin a kafa rabin kamfanonin Challawa take zaune da tukunyarta a bakin hanya. Ta ciyar da majema, ta ciyar da 'yan masaƙa har masaƙun suka rufe, ta ciyar da direbobin tirela da masu gadi da 'yan sandan da ake turowa su kore ta. Uwaisu ya zo Kano cirani yana saurayi, ya fara da dako a wata matatar man gyaɗa a Bompai, inda wani tsoho ya koya masa riƙon basilla. Daga nan ya koma Sharada, kamfanin ya mutu yana ciki, ya gangaro Challawa kamfanin abincin kaji da dabbobi. A nan ya ga Badi'a tana zuba wa mutane dambu, sai ya zama mutum mai son dambu safe da rana da yamma, har uwar ta gane ba yunwa ke damunsa ba.

Ranar da aka ɗaura aure, ranar ya daina cin dambun. Shekara talatin da wani abu bai ƙara sa loma a gabanta ba, bai kira sunanta ba, bai kalli fuskarta ba. In za a kashe shi bai san ko ta yi furfura ba, amma yatsun ƙafarta ya san su kamar nasa. Kullum da safe sai ya sauka daga keke tun daga nesa, ya tuɓe takalmi, ya tsugunna. Ita ma ba ta kiran sunansa, sai "Baban Safiya". Ya taɓa hango ta yana tsaka da shan taba, ya jefa karan da wutarsa a aljihu, ya tsugunna ya gaishe ta tsaf hayaƙi na fita ta wuyan rigarsa. Shekara da shekaru a zatonsa ba ta lura ba. Maza ke nan.

A wurin aiki kuwa ba mai taurin kai irinsa. Da aka kawo injin ɗinke buhu aka danƙa wa Luka, Uwaisu ya ɗauki buhu guda ya ja bakin zaren, ɗinkin ya warware tsaf daga wannan kunne zuwa wancan. Ya ce wannan ba ɗinki ba ne, alkawarin 'yan siyasa ne. Ba a sallame shi ba, don wuta na ɗaukewa, buhu na fashewa, basilla kuma ba ta jiran janareta. Yana da wata magana da ya ishi kowa da ita: "Abin da idona bai gani ba, ba a yi shi ba." In tela ya kawo ɗinki sai ya juya rigar ya bi layin da ɗan yatsa. In an ce an loda mota sai ya hau ya leƙa. Ranar da aka ce masa an haifi Safiya, Badi'a ta rantse sai da ya ɗaga zani ya ga jaririyar sannan ya ce barka.

Ciwon a hankali ya shigo. Da fari baya ne, ya ce ɗaukar buhu ne. Sai Badi'a ta lura in ya kwanta rigingine wani abu na harbawa a kusa da cibiyarsa, kamar an ba shi zuciya ta biyu. Ya ce ƙarfi ne. Ta ce ƙarfin ya tashi su je asibiti. Hoton ciki ya nuna babbar jijiyar jinin da ta sauko daga zuciya ta ratsa ciki ta kumbura a wuri guda, kamar tsohon tiyon ruwa da ya yi ƙululu. Hawan jini da tabar aljihun nan sun yi aikinsu. Aka ce masa irin wannan ba ya sallama, ranar da ya fashe a bakin aiki ko titin Panshekara da ke nan kusa ba za a kai shi da rai ba.

Kamfani ya tsaya masa, Allah ya saka musu. Aka samu wani likita a wani asibiti nan cikin gari, siririn yaro mai sanyin magana, da ya ce ba sai an tsaga cikin ba. Za a huda jijiyar da ke tushen cinya, inda ta haɗu da mara, dama da hagu, a zura wani bututu na yadi da waya a naɗe, a tura shi sama har wurin kumburin, a buɗe shi a ciki ya zama sabuwar hanyar jini.

Uwaisu ya saurara. Bututun bai dame shi ba. Tambayarsa ɗaya ce: "To ramin da kuka huda fa? Wa zai ɗinke?"

Likita ya ce ai tun kafin a zura komai ake sa zaren. Wata 'yar na'ura ce ke ratsa zare a bakin jijiyar daga ciki, a bar shi a sake kamar zariyar wando. In an gama aiki an zare kaya, sai a ja, a tura ƙullin ƙasa ya zauna a jikin jijiyar, a yanke zaren a ƙarƙashin fata.

"Inji ke nan," in ji Uwaisu, ya dubi Luka da ya rako shi, kamar shi ya ƙera na'urar.

Da safe aka yi aikin. Allurar kashe zafi aka yi masa, idonsa biyu, yana ta kasa kunne ko zai ji shigar allura da fitarta, bai ji ba. Da aka dawo da shi ɗaki ya ɗaga mayafi ya leƙa. Filasta biyu, kowace ba ta kai tafin hannun yaro ba.

"Sista," ya ce da nas ɗin da ke kula da shi, "ina ɗinkin?"

Sista Esta, 'yar Kafanchan, irin matan nan ne da in sun ce kwanta, ko gwamna ne sai ya nemi matashi. Ta ce, "Yana ciki, Baba. Ba na kallo ba ne. Ka ji abin da zan gaya maka. Jijiyar nan ba irin ta bayan hannu ba ce, da ƙarfin zuciya take harbawa. Ƙullin sabo ne. Daga yanzu har magariba kana kwance a miƙe. Ba naɗe ƙafa, ba zama, ba yunƙuri. In tari ya zo, ka danna wurin da hannu. In ka ji ɗumi ko kumburi, ka kira ni, kada ka tsaya tunani."

"Salla fa?"

Badi'a ta ce, "A kwance, da ishara. Limamin unguwa ya gaya maka, ina wurin. Allah ya yafe maka ruku'u yau."

Ya yi azahar a kwance, bai yi musu ba. Ku riƙe wannan.

An hana 'yan dubiya shiga, kuma Badi'a ta roƙi uwarta ta bari sai gobe, don ta san mijinta. Amma matar da ta shekara arba'in tana ciyar da masu gadi, wane mai gadi ne zai tare ta? Ta sa Luka ya ɗauko ta daga Challawa da fulas ɗin kunu. Mai gadin asibitin ma ashe tsohon ma'aikacin masaƙa ne, shi ya riƙe mata jaka. Badi'a ta fita alwalar la'asar, Esta na ɗakin gaba wurin wani mara lafiya, Luka ya tsaya a baranda yana amsa waya. Sai Uwaisu ya ji ƙwas, ƙwas na sanda, ya ji sallamar da ya fi sani a duniya.

Ya dubi kansa. Ga shi shame-shame a gado, cikin rigar asibiti da ba ta rufe gwiwa, tafin ƙafarsa biyu sun miƙe suna kallon ƙofa, daidai inda surukarsa za ta tsaya. Maganar Esta ta zo masa, ba wai ya manta ba. Sai dai wata zuciyar ta ce, ɗinkin da ba a gani ba, wa ya san ma akwai shi? Gwiwar kuwa ba ta jira a gama shawara ba. Ya zame daga gado, robar ƙarin ruwa na binsa, ya tsugunna a kan siminti.

Mutumin da ya yarda ya gaida Ubangijinsa a kwance, ga shi ya kasa gaida Mairama Mai Dambu a kwance.

"Sannunku da zuwa, Hajiya. Kun sha hanya."

A nan ya ji ɗas a cinyar hagu, irin ƙarar da ya fi kowa sani, ta zaren da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa. Ɗumi ya biyo baya.

"Yawwa, Baban Safiya. Ya jiki? An ce an yi aiki lafiya?"

"Lafiya lau, alhamdulillahi. Ya gida? Ya kasuwa?"

Tsohuwa ta samu kujera ta zauna, ta shiga amsawa dalla-dalla yadda ta saba. Ta ba shi labarin tsadar zogale, da yaron da ya fasa mata murfin tukunya. Shi kuwa idonsa na ƙasa kamar kullum, don haka shi ya fara ganin jinin. Ya gangaro ta cinya, ya taru a diddige, ya fara neman hanya a kan siminti. Ya matsa ƙafa ya take. Ya jawo gefen mayafi ya rufe. In ya miƙe za ta gani. In ya kira Sista, sai an tambaye shi ina ne, a gaban Hajiya. Sai ya zaɓi ya ci gaba da gaisuwa.

"Ya ƙafar taku?" Muryar ta fito siririya kamar ta wani.

Mairama ba ta gani sosai yanzu, amma ta yi shekaru tana gane ma'aikacin da zai faɗi don yunwa tun daga yadda ya ce a zuba masa. Ta sa bakin sanda ta ɗage mayafin.

"Baban Safiya, wannan jinin na wane ne?"

"Ba komai, Hajiya. Ɗan ƙwarzane ne."

"A ina?"

Gumi na ɗiga daga haɓarsa, ɗakin ya fara juya masa, amma wallahi da ya faɗi sunan wurin nan gara a ɗauki gawarsa.

"Uwaisu!" Tunda take ba ta taɓa kiran sunan ba. "Kwanta, ɗan banza! Kashe mini kanka za ka yi, ka bar mini 'ya da takaba? Luka! Kai Luka!"

Ta sa sanda a ƙirjinsa ta tura, ya tafi rigingine. Luka ya faɗo ɗakin, ya ga jini, ya ce "Yesu!", ya ja ƙafafun ya miƙar da su. Tsohuwar da sai an kama ta take sauka daga mota ta yar da sanda ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo, ta yaye rigar asibitin, ta dunƙule hannun da ya shekara arba'in yana murza tsaki, ta danna a tushen cinyar, ta ɗora duk nauyinta.

Uwaisu ya runtse ido. Ba don zafi ba.

Luka ya fita yana kwarara ihu, "Sista! Sista!" har ɗakin haihuwa sai da aka leƙo. Esta ta shigo a guje, ta duba sau ɗaya, ta kama hannun tsohuwar ta matsar da shi. "Sama kaɗan, Mama. Nan, a kan ƙashi. Yawwa. Kada ku saki sai na ce." Ta buɗe ƙarin ruwan, ta aika a kira likita, ta sa nata hannun a kan na Hajiya sannan ta ce ta zare. Jinin ya tsaya a ƙarƙashin hannunta. Badi'a ta dawo da buta ta tarar da uwarta zaune dirshan a ƙasa, jini har gwiwar hannu, mijinta kwance ido a rufe gam kamar yaron da ake wa wanka. Butar ta faɗi.

"Yana da rai," in ji Hajiya. "Kunya ce."

Aka mayar da shi ɗakin tiyata. Su uku suka zauna a benci. Luka sai murza hula yake, don shi ya kawo ta. Kafin magariba likita ya fito. Ya ce bututun da ke ciki yana nan daram bai motsa ba, kumburin ya daina harbawa. Ƙullin hagu ne ya zame da aka naɗe ƙafar, sai ya ɗan tsaga fatar ya ɗinke jijiyar da hannu. Jini na sauka har yatsu, ƙafar da ɗuminta. Wanda ya danna wurin da wuri, in ji shi, shi ya yi rabin aikin.

Badi'a ta sa fuska a mayafi ta yi kukan da ta riƙe tun safe. Hajiya ta ce alhamdulillahi sau uku, ta buɗe fulas ɗin kunun da ta kawo wa mara lafiya ta shanye abinta.

Wannan karon Esta ba ta yarda da alkawarin baki ba. Ta sa zanin gado ta ɗaure ƙafar a jikin ƙarfe, ta ce, "Ko Shugaban Ƙasa ne ya shigo, ɗaga masa hannu." Duk bayan ɗan lokaci sai ta zo ta taɓa bayan ƙafarsa ta ji harbawar jini, ta duba filastar, ta harare shi ta fita.

Da aka zo sauya filasta ya ga ɗinkin hagu, baƙin zare a jere, sai fuskarsa ta washe. Ya ce yanzu aka yi aiki. Har ya yaba wa likita, ya ce hannunsa ba laifi, sai dai ya ɗan matse layin a ƙarshe. Likita ya yi murmushi ya ce, "Baba, na dama fa, wanda ba ka gani, shi ne ya ɗauki tsugunnonka bai ce komai ba." Uwaisu ya ce barci yake ji.

Ya warke sarai. An hana shi ɗaukar buhu na wani lokaci, an ce ya riƙa zuwa hoto ana duba bututun, ya sha maganin hawan jini ba fashi. Taba kuwa Hajiya ce ta kashe ta, ta aiko Badi'a da saƙo cewa aljihun rigarsa ya huta haka nan. Ta kuma kafa doka: ranar da ya ƙara tsugunna mata, za ta tara duk Challawa ta ba su labarin abin da ta gani, ba za ta rage komai ba. Don haka yanzu in ya sauka daga keke, sai ya tsaya daga nesa, ya tuɓe takalmi, ya dafa ƙirji, ya sunkuyar da kai. Har yau bai kalli fuskarta ba, har yau bai ci dambun ba.

Wannan ne ya tayar da gardamar ƙarshe, ranar da ya koma bakin aiki. An ɗauke wuta, injin Luka ya yi shiru, ma'aikata sun kewaye Uwaisu yana ɗinke wani buhu da ya fashe. Luka ya shigo da kwanon dambu ya ajiye a gabansa.

"Mama ta ce ka zo ka ci a rumfarta kamar kowa."

"Na ƙoshi."

"Malam, don Allah wace kunya kuma ta rage? Ina wurin fa. Matar nan ta yaye maka riga. Ta sa hannu inda ko ni da muka shekara ashirin tare ban taɓa kallo ba. Ta zage ka da sunanka. Ita da Badi'a yanzu ba wanda ya fi wani saninka. Jama'a, ƙarya na yi?"

Aka ce ba ƙarya. Mai gadi ya ce shi ma ya ji haka. Wani ya ce ai kunya ta ƙare tun a simintin asibiti, wani ya ce a kira akuya ta ba da shaida. Uwaisu bai ɗago ba. Ya kai basilla ƙarshen buhun, ya ƙulla, ya yanke zaren da haƙori, ya bi layin da ɗan yatsa. Sannan ya dubi Luka.

"Shekara nawa ina gaya maka? Abin da idona bai gani ba, ba a yi shi ba. Ni kuwa ranar nan idona a rufe yake."